Askar Tibiri a Ƙafar Hafizu

Shafi na 23

Salamu alaikum, masu cika mini waya da murya tun ban karya kumallo ba. "A ci gaba, a ci gaba," sai ka ce tukunyar gidanku na ɗora. To ga shi. Waɗanda sunka ce Ramatu ta burge su, ku ɗan riƙe yabon naku a hannu, kada ku zubar da shi duka.

*

Da hantsi kabu-kabu ya sauke Ramatu bakin kanal ɗin ban ruwa na Jiratawa. Ta karkaɗe zaninta, ta dubi lambunan nan ta taɓe baki, kamar wadda anka yi wa alkawarin Makka anka ajiye ta juji.

Wani kabu-kabun ya tsaya bayanta, Idirisa wanzami ya sauko da ƙyar, dogon tsoho kamar karan dawa, zabira a hammata.

Tun daga Tibiri ta ɗauko shi. Ba don Maraɗi ta rasa wanzamai ba, har ƙofar gidanta akwai ɗaya. Amma wanzamin unguwa, kafin shi wanke askarsa labarinka ya riga ka isa kasuwa.

"Hajiya, nan ne barikin?" in ji Idirisa.

Ko Yamai Ramatu ba ta taɓa zuwa ba, amma ta karɓi Hajiyar ta ƙulle a bakin zane.

"Nan ne. Ga janarorin can suna yi wa albasa hidima."

Samari ne ke gudu bisa gaɓar kanal, kowa da bidon cike da ruwa a kafaɗa. Su zazzage wa albasa, su juyo da gudu, su ɗebo wani. Wani tsoho da hular bere wadda rana ta cinye launinta yana tsaye bisa tudu yana busa usur, ciki gaba, kai ka ce shi ya ci ƙasar da yaƙi.

Shi ne Ajudan Illo, tsohon soja. Shi ke shirya samari konkur, jarrabawar nan da ake yi kafin a ɗauki mutum soja. Kyauta yake yi, ba ya karɓar komi. Sai dai tun da ya fara kyautar tasa albasarsa ba ta taɓa kwana da ƙishirwa ba, zogalensa ya hi na kowa ganye. Kuma duk Maraɗi an san magana ɗaya: ba ɗan gidan kirkin da ya taɓa bi ta hannun Illo ya sa kaki.

Don haka ne ma Ramatu ta kawo masa ɗanta Hafizu.

Ran da yaron ya ce shi soja zai zama, baffansa Alhaji Maman Lawali na unguwar Zariya, mai manyan motocin nan na hatsi, ya ce a kai shi makarantar kuɗi, inda ake zaunar da yara ɗaki mai sanyi gaban ordinater, wato kwamfuta, kuma suna cin konkur ɗin. Ramatu ta ɗaure huska.

"Ɗana ba shi cin arzikin kowa. Akwai mai koyarwa kyauta a Jiratawa."

Mata sunka riƙe haɓa. Kai, wannan uwa da zuciya! Babban ɗanta Mustafa ya tahi soja, can gabas ya kwanta dama, ko gawa ba ta gani ba. Ran da anka kawo labari tana tankaɗen gari tsakar gida, ta ce "Allah shi jiƙan musulmi," ta ci gaba da tankaɗe. To ɗan fari ne, kun san al'ada. Ba ta kiran sunansa yana raye, ba ta kuka don shi gaban mutane. Ga ta kuma da ƙafarta tana kai ƙaramin.

Sunka yi ta yabo, ita kuwa tana karɓa. Ba wadda ta kawo wa ranta cewa Ramatu ta zagaye gari ne tana neman malamin da ya hi kowa rashin iyawa.

Sai abu ya ƙi tahiya yadda ta shirya. Yaro ya bushe, ya yi ƙarhi. Da yamma shi je shi jingina da katangar gidan baffansa a Zariya, shi tsotsi wifi ɗin Alhaji, shi kwaso tambayoyin konkur na kyauta cikin wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ranar Lahadin da ta wuce anka gwada gudu a hilin wasa, 'yan ɗakin sanyi da 'yan albasa. Hafizu ya iso, ya sha ruwa, ya wanke huska, sannan ɗiyan alhazai sunka fara isowa suna riƙe da ciki.

Konkur jibi ne. Shi ya sa ga ta ga wanzami.

Illo ya hango ta, ya saki usur ya faɗa masa bisa ƙirji.

"A'a! Uwar soja! Ku ba uwar soja hanya!"

"Ina kwana, Ajudan. Ya albasa? Tun da na ga ita ce ke karatun."

"Albasa na gaishe ki. Ta ce ɗanki ya hi kowa ladabi."

"Ai dole. Ko jakin gidanku bai yi mata bautar da ya yi ba."

Illo ya yi dariya, haƙora uku sunka leƙo. Sai idonsa ya sauka bisa zabirar Idirisa, dariyar ta koma inda ta hito.

"Suna za a yi ko kaciya?"

"Ƙaho za a yi wa yaro. Ƙafarsa ta tara mataccen jini. In an zuƙe, sai ta yi sakayau."

"Jibi fa konkur."

"Ban tambaye ka rana ba."

Kafin shi amsa, Hafizu ya iso da gudu, kai a aske ƙwal, gumi har cikin ido. Ya ajiye bidon, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina kwana. Ke ce da kanki? Wallahi da kin aiko da na zo."

"Ka zo? Kai da ka mai da bukkar lambu gidan ubanka?"

"Ajudan ne ya ce in kwana nan har a gama. Inna, tsaya ki gani. Ajudan, yi mini ɗaya gabanta."

Illo ya tsuguna, ya share jiƙaƙƙiyar ƙasa da tahin hannu, ya kama zane da tsinke. Ya zana wani abu kamar faifai, ya sa masa ɗigo. Ya zana wani kamar murhu, ya sa ɗigo biyu. Wai da wannan ake gane mai hankalin riƙe bindiga. A zana maka faifai da murhu da akwati, a ce faɗi wanda ke biye. In da haka ake auna hankali, da masu zanen ƙwarya ke mulkin ƙasar nan.

Bai ko ɗaga tsinken daga na uku ba Hafizu ya ce, "Faifai ne ke dawowa, ɗigo huɗu, amma ya juya hagu."

"Ka ji ɗan banza," in ji Illo. "Bar ni in gama tambayar mana."

Yaron ya dubi uwarsa yana murmushi, yana jiran ta ce wani abu.

Ramatu ta kau da ido daga zanen. Ta ce, "To, an gode Allah. Ka iya wasan ƙasa."

Illo ya miƙe, gwiwoyinsa sunka yi ƙara.

"Hafizu, tahi ka kashe injin ruwa. Ka duba mai, ka duba bel. Kada ka yi sauri."

Yaron ya ruga. Injin yana can bayan layin zogale, yana ta ɓaɓatu, sai mutum ya ɗaga murya ake jin sa. Illo ya jira har kan yaron ya ɓace cikin ganye, sannan ya juyo ga wanzami.

"Malam, daga ina?"

"Tibiri, ranka shi daɗe."

"Mi anka ce ka yi?"

Idirisa ya dubi Ramatu. Ramatu ta zare masa ido. Amma tsohon Allah ya yi shi da gaskiyar da ba ta da amfani ga kowa.

"Ƙaho anka ce, ga sharaɓa duka biyu. Hajiya ta ce in ɗan zurfafa hannu, wai jinin wanga yaro ya yi nisa."

"Wa ya tambaye ka wannan?" in ji Ramatu.

"Shi, Hajiya."

Illo ya cire hular beren, ya kakkaɓe ta a cinya, ya mayar.

"Ramatu, tsaga mai zurhi ga sharaɓa, jibi gudu. Ƙafa ta kumbura, yaro shi yi ɗingishi. In ma ya daure ya kai, likitan soja shi ga ɗanyen miki shi ce koma gida. Haka ne lissahin?"

"Kai ka san lissahi. Ni magani na kawo wa ɗana."

"Maganin kaki."

"Ka ga, tsoho, ban zo hira ba. Ka sha gumin yarona wata da watanni, ko ruwan shayi ba ka taɓa aiko mini ba. Kai har kana da bakin tambayata?"

Illo ya nuna mata wani kututturen mangwaro.

"Zauna."

"Ba ni zama."

"To tsaya. Daidai inda kike tsaye ɗin nan, mata nawa kike zaton sun tsaya?"

Illo ya ci gaba.

"Kina jin ana cewa ɗiyan Maraɗi ba su ci a hannuna. Kin taɓa tambayar dalili? Uwa za ta kawo ɗanta da rana tana cika baki. Bayan kwana biyu sai ta dawo ita kaɗai, ta rufe huska da mayahi. Wata ta zo da zabuwa, wata ta zo da kuka kawai. Ajudan, don Allah ka maido mini ɗana. Sai in bar shi shi yi mini ban ruwa ɗan lokaci, kada wahalarsa ta tahi banza."

"Wahalarsa ko albasarka?"

"Duka biyu. Sannan wata rana in ce, kai, ɗaga ƙafarka in gani. In girgiza kai. In ce tahin ƙafarka shimfiɗe yake kamar na agwagwa, ba su ɗaukar irinka. Shi yi kukansa, shi zage ni, shi koma kasuwa. Uwa ta samu ɗanta, ɗa bai san komi ba, ni kuma a ce ban iya ba. Marayu da ɗiyan ƙauye da ba wanda ya zo roƙo a kansu, suna can cikin kaki. Amma wa ke ƙirga su a Maraɗi?"

Ramatu ta dube shi sama da ƙasa. Wata da watanni tana yi wa tsohon nan kallon wawa, tana dariyarsa cikin zane. Ashe shago ne ya buɗe, kowace mace a gari ta san ƙofar baya, ita kaɗai ta shiga ta gaba.

"Ƙarya kake."

"Tambayi Fasuma maƙwabciyarki abin da ya samu ƙafar Bilal ɗinta. Ƙafar da yake buga ƙwallo da ita har gobe."

Fasuma! Wadda ta hi kowa riƙe haɓa tana cewa Ramatu jaruma ce.

"To ni don mi ba ka yi mini haka ba?"

"Kin roƙa? Ran da kinka kawo shi, nan kinka tsaya kinka ce, Ajudan, ka mai da mini shi soja ko gudu shi kashe shi. Har samarina sunka tafa miki."

"Ka taɓa ganin uwar da ke zazzage cikinta gaban ɗanta?"

"Shi ya sa na jira ki dawo ke kaɗai. Na jira, na jira. Har na ce wa kaina, to Illo, yau ga ta gaske ta zo. Na zage na koya masa duk abin da na sani. Ban taɓa wahala a kan ɗan kowa kamar naki ba."

"Allah shi isar mini wahalar taka."

"Amin. Ni ma gwiwata ba ta yafe ba."

Ramatu ta matso, ta rage murya iyakar yadda injin zai bari.

"To yanzu na zo. Ga ni ni kaɗai. In zabuwa kake so, gobe a kawo maka biyu. Kira shi ka duba ƙafar."

"Yanzu?" Illo ya yi tsaki. "Yaron da ya bar ɗiyan alhazai suna amai a hili? Yaron da ya karance duk abin da likita ke dubawa cikin wayarsa, har yana gyara mini? In ce masa ƙafar agwagwa gare shi? Ita ƙarya da lokacinta, Ramatu. Kin bari ya wuce."

"To ka matsa, wanzami shi yi aikinsa."

"Ba cikin lambuna ba."

"Lambun da ɗiyan mutane sunka noma maka? Tsohon banza, mai ci da gumin marayu. An kore ka daga bariki ka zo kana yi wa albasa fareti."

"Ritaya na yi, da takardata. Ke fa? An ce miki jaruma, kin ji daɗi, kin hau kin zauna, yanzu kin rasa ta inda za ki sauko. Kin gwammace ki sa a yanka ɗanki da ki buɗe baki ki ce kina tsoro."

"Tsoron mi?"

"Na je gaisuwa gidanki wancan karon, ba ki gane ni ba. Na ga kina raba wa mata goro, ido a bushe kamar tsakuwa. Na ce wannan ko dai dutse ce, ko kuwa wata rana za ta fashe a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Wa ya mutu, Ramatu?"

"Ka kiyaye ni."

"Faɗi sunansa."

"Illo, ka kiyaye ni!"

"Hajiya," in ji Idirisa a hankali, "in aikin ya ɓaci, ni a mai da ni tasha."

"Rufe mini baki, kai kuma!"

Ta juyo kan Illo, mayahi ya zame, jijiyar wuya ta tashi. Ta buɗe murya duka don ta hi ƙarfin injin.

"E! So nike shi faɗi! So nike likita shi ga miki shi koro mini shi gida! Don an ce ba ka iya komi ba na kawo shi wurinka, ba don shi ci ba! Da na san za ka koya masa, da gara in kai shi ɗakin sanyin Alhaji shi yi ƙiba!"

Ba ta san lokacin da injin ya mutu ba.

Sai da ta rufe baki ta ji shirun. Har kukan kwaɗo cikin kanal ana ji. Samarin nan duk sun tsaya cak, bidon a kafaɗa, ruwa na zuba bisa ƙafahunsu, ba wanda ya motsa. Maganarta ta tahi har lambun maƙwabta ta dawo.

Ganyen zogale ya buɗe. Hafizu ya hito, hannu duk baƙin mai.

Bai yi sauri ba. Ya zo ya tsaya gabanta, bai dubi idonta ba, don ba a yi masa tarbiyyar haka ba. Ƙafarta yake kallo.

"Inna."

"Mi kake so? Ba da kai nike ba."

"Takalmin guduna da kinka ce ɓarawo ya ɗauka bisa katanga."

Ramatu ta gyara mayahinta.

"Yana cikin randar da ba a zuba ruwa. Na gan shi tuni. Na ce ko tsuhwa ce ta fara kama Inna, na bar shi don kada ki ji kunya. Na ci gaba da gudu da silifa."

Wani cikin samarin ya yi ƙoƙarin dariya, Illo ya harare shi, dariyar ta maƙale.

"Da tuwon da kike tashe ni in ci kafin in hita gudu, kina cewa soja sai da ciki. Ina ci, in je bayan gari in amayar, in ce Inna sona take. Da ranar da kinka mai da Baffa Alhaji da alherinsa. Na yi ta yi wa abokaina alfahari, na ce uwata ba ta roƙo."

"To ka gama? Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

"Ke kinka haife ni."

"To wuce mu tahi gida."

"A kan mi, Inna? In an tambaye ni in ce mi?"

Nan fa ɗaya. Jarumar unguwa guda, wadda ke sa mai gero a kasuwa shi rantse da abin da bai sani ba, ga ta tsaye kamar an dasa ta.

Hafizu ya jawo bidon ɗinsa ya kifa, ya zauna bisa. Ya naɗe ƙafar wando har gwiwa. Ƙafa ce ta mai gudu, baƙa, siririya, jijiya kwance kamar igiyar guga. Ya miƙa ta gaban Idirisa.

"Baba wanzami, buɗe zabirarka."

"Kai yaro, tashi daga nan," in ji Illo. "Umarni ne."

"Ajudan, gafarta mini. Wannan ba maganar bariki ba ce."

Ya ɗan juyo wajen uwarsa, har yanzu kai a sunkuye.

"Ran da Yaya zai tahi, ni na riƙe masa jaka. Kina tankaɗe. Ya tsaya bakin zaure, ya ce Inna na tahi. Ba ki ɗago ba. Ya sake faɗi. Kinka ce wa Fasuma ta miƙo miki faifai. Har munka kai tasha yana waiwaye, yana ce mini ai kunya ce, ɗan fari ne shi, kada in ga laihinki."

"Hafizu..."

"Ni ba ɗan fari ba ne, Inna. Ba kunya tsakanina da ke. Ba ni tahiya ko'ina ba da albarkarki ba. In kin ce tahi, jibi in shiga konkur, kuma wallahi sai na ci. In ba ki iya faɗi, to a tsaga. In yi ɗingishi, a koro ni, a ce tsautsayi ne. Ke ki ci gaba da zama jaruma, ni in je in riƙe wa Baffa mudu. Ba wanda zai ji daga bakina."

Ya dubi samarin. Duk sunka sunkuyar da kai, munahukai, kamar ba su ne za su kai labarin Maraɗi kafin azahar ba.

Idirisa ya tsuguna yana gunaguni. Ya shimfiɗa tsumma, ya jera ƙahoni, ya hiddo aska ya goga a tahin hannu.

"Hajiya, in yi?"

Ramatu ba ta ce komi ba. Abin da ta sha kabu-kabu tun daga Tibiri don shi, ga shi an ɗora mata bisa faifai. Ba faɗa, ba ja. Ta yi shiru kawai ta samu ɗanta. Shiru kuwa ai sana'arta ce.

"Hajiya?"

"Yi, Baba," in ji Hafizu. "Shirun Inna magana ce. Mu a gidanmu da shi anka rene mu."

Idirisa ya shafa ruwa ga sharaɓar dama. Ya kafa ƙaho, ya sa baki ya zuƙa har kumatunsa sunka lotsa, ya toshe. Anka jira. Illo ya juya baya yana kallon albasarsa, yana zagin wani abu ƙasa-ƙasa, ko ita, ko kansa, ko zabin da ya ci a baya.

Wanzami ya ɓalle ƙahon. Fata ta taso, ta yi kumburi kamar bakin tulu. Ya kama ƙafar da hagu, ya ɗauki aska da dama.

"Yadda kinka ce, Hajiya? Da zurhi?"

"Yadda ta ce," in ji Hafizu.

Ya sunkuyar da kai, ya riƙe gwiwa da hannu biyu. Daga inda Ramatu take tsaye ba ta ganin huskarsa, sai ƙeya. Askakkiyar ƙeya, da ɗan kwarin nan na tsakiya, da kunnuwa da sunka ɗan buɗe. Wannan ƙeyar ta taɓa ganinta. Ta ƙasan ido ta gan ta, ta cikin ƙurar garin da take tankaɗe, tana hita zaure ran da babban ɗanta ya tahi. Ran nan ma maganar na nan cikin bakinta, ta haɗiye ta don kada Fasuma ta ce ba ta da kunya.

"Bismillahi," in ji Idirisa. Bakin aska ya taɓa fata.

Ramatu ta buɗe baki. Ta yi niyyar ta ce, Hafizu tashi, tahi Allah shi tsare. Abin da ta shirya kenan, Allah shi ne shaida.

Amma abin da ya hito, da wata irin murya da ba wanda ya taɓa jin ta da ita, har tsuntsaye sunka watse daga kan mangwaro:

"MUSTAFA!"

Samari sunka saki bidon. Illo ya juyo da sauri. Tsohon wanzami ya zabura kamar an harbe shi.

Hafizu bai yi ƙara ba. Numfashi kawai ya ja, ya ƙanƙame gwiwa.

Idirisa ya dubi askarsa, ya dubi ƙafar, ya ɗago ya dubi Ramatu.

"Hajiya... hannuna ya zame."